Tarihin Koyar da Taƙaita Kaso Mai Harafi: Daga Zauren Malam zuwa Azuzuwan Barnawa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wani ɗan babi na aljabara wanda ya daɗe yana kayar da yara a makarantun sakandare, watau babin taƙaita kaso mai harafi. Abin da muke nufi da kaso a nan shi ne adadin da akan rubuta hawa biyu, na sama da na ƙasa, da layi a tsakaninsu, kamar 3/4 wanda ake karantawa uku bisa huɗu. Idan harafi ya shiga sama ko ƙasa, kamar a (x + 6)/(x + 2), to ya zama kaso mai harafi. Taƙaitawa kuwa ita ce mayar da kaso zuwa siffarsa mafi sauƙi ba tare da an taɓa ƙimarsa ba, yadda 6/8 yake komawa 3/4.

Mun ɗauki Barnawa, wadda ke kudu da Kogin Kaduna, a matsayin wurin da maganar za ta sauka, domin a makarantun wannan yanki ne muke zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, sa'an nan kuma tarihin kudancin kogin ya tattara yawancin abubuwan da batun ya shafa. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa dabarar da babin nan yake bukata ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ta daɗe a zaurukan malamai, ta kuma daɗe a kasuwa. Makarantar boko ce ba ta ƙulla igiya tsakanin wannan tsohon sani da sabon darasi ba, canje-canjen shekarun 1970 kuwa suka tsinke 'yar wadda ta ƙullu da kanta.

Inda ake tuntuɓe

Babu malamin lissafi a wannan taro da bai san kuskuren ba. A ba yaro (x + 6)/(x + 2), sai ya ga x a sama da x a ƙasa, ya ja musu layi ya soke, ya rage masa 6/2, ya rubuta 3. Da zai sa 2 a gurbin x da ya sami 8/4, watau 2, ba 3 ba. Amsarsa ba ta yin daidai sai fa idan x sifiri ne.

Don mu fahimci abin da ya ɓace masa muna bukatar kalmomi biyu. Abubuwan da tarawa ko ɗebewa ta haɗa za mu kira su gaɓoɓi. A 10 + 2, goma gaɓa ce, biyu ma gaɓa ce. Abubuwan da ninkawa ta haɗa za mu kira su maninkai. A 3 × 4, uku maninki ne, huɗu ma haka. Ƙa'idar babin duka ɗaya ce tak: ba a fitar da komai daga sama da ƙasa sai maninkin da suka yi tarayya a kansa. Alal misali, a (x² − 9)/(x² + 3x), sai an fara warware na sama ya zama (x − 3)(x + 3), na ƙasa ya zama x(x + 3), sa'an nan a ga sun haɗu a kan x + 3, a raba kowanne da shi, a sami (x − 3)/x. Yaron da ya soke x ɗazu gaɓa ya ɗauka a matsayin maninki.

Ƙanen wannan kuskure shi ne a tara 1/x da 1/y a rubuta 2/(x + y). Da haka ne, da rabi da sulusi in an tara su sun ba da 2/5, abin da bai kai rabin da aka fara da shi ba. Mai tallan gyaɗa ba za ta yarda da wannan lissafi ba, amma ɗan aji biyu na babbar sakandare yakan rubuta shi hankali kwance, saboda a wurinsa alamomin ba sa wakiltar komai.

Asalin aljabara da layin kaso

Tun ran fari aljabara da rabon dukiya tare suka tashi. Wajen shekarar 820, a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta littafin da kalmar aljabara ta fito daga sunansa. Babu x ko y a cikinsa. Da zance zalla aka yi komai, abin da ake nema ana kiransa "abu", ninkinsa da kansa kuma ana kiransa "dukiya". Wani babban sashe na ƙarshen littafin kuwa a kan wasiyya da gado yake. Bayansa Alkaraji, wajen shekara ta 1000, da Assamau'al a ƙarni na 12, suka faɗaɗa aikin har suka riƙa sarrafa abin da a yau za mu rubuta 1/x da 1/x², suna raba jerin gaɓoɓi da wani jerin. Nan ne za a ce kaso mai harafi ya sami gindin zama, ko da yake harafin kansa bai zo ba tukuna.

Layin nan da ke raba sama da ƙasa kuwa a Magrib ya fara bayyana, cikin aikin Alhassar a ƙarni na 12. Leonardo na Pisa, wanda ya koyi lissafi a garin Bijaya na ƙasar Aljeriya ta yau, shi ya shigar da shi Turai cikin littafinsa na 1202. Amfani da haruffa a tsare ya zo daga Faransa, wurin Viète a 1591, sa'an nan Descartes a 1637 ya tsayar da al'adar x da y da z. Abin lura a nan shi ne, Arewacin Afirka da ya ba Turai layin kaso, daga can ne ayarin Sahara ya riƙa kawo wa Katsina da Kano littattafan fiƙihun Malikiyya.

Kaso a zauren malam

Littattafan nan, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, kowannensu yana da babin rabon gado can wajen ƙarshe. Ɗalibin da ya kai wannan babi dole ya riƙe kaso shida: rabi, da rubu'i, da tumuni, da sulusi biyu, da sulusi, da sudusi. Kalmomin ba su tsaya a zaure ba, sun shiga bakin jama'a. Bahaushe ya san tumunin takaba, ya san sadaki ba ya gaza rubu'in dinari, wasiyya ba ta wuce sulusi, ya san humusin ganima da ushirar alƙali, yakan kuma ce an tashi a sulusin dare. Harshen da yake da suna na musamman ga kowane kaso daga ɗaya bisa biyu har ɗaya bisa goma ba za a ce masa baƙon kaso ba.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne hanyar aikin. Kafin malami ya raba gado sai ya nemo abin da ake kira asalin mas'ala, watau mafi ƙanƙantar adadin da dukkan rabon magada zai fita daga cikinsa ba tare da gutsure ba. Don ya same shi yakan dubi adadin ƙasa biyu-biyu, ya tambayi kansa wace dangantaka ce tsakaninsu, dangantakar kuwa ba ta wuce huɗu. In iri ɗaya ne, kamar 6 da 6, tamasuli ke nan, sai ya ɗauki ɗaya. In ƙaramin yana shiga cikin babban, kamar 2 da 6, tadahuli ke nan, sai ya ɗauki babban. In babu abin da ya haɗa su, kamar 3 da 8, tabayuni ke nan, sai ya ninka su ya sami 24. In kuwa wani adadi na uku yana raba su duka, kamar 6 da 8, to tawafuƙi ke nan, a nan ne kuma gwaninta take.

Mu ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji. Mata tana da tumuni, uwa tana da sudusi. Malami zai ce 8 da 6 sun yi muwafaƙa da rabi, ma'ana kowannensu yana rabuwa biyu. Sai ya ɗauki rabin 8, watau 4, ya ninka da 6, ya sami 24. Mata ta karɓi 3, uwa ta karɓi 4, ragowar 17 na ɗa ne. Bai ninka 8 da 6 kai tsaye ya sami 48 ba, domin ya san akwai biyu da ke ɓoye cikin kowannensu, bai kuwa kamata a ƙirga ta sau biyu ba.

To, a sa wannan kusa da abin da ake tambayar ɗan sakandare: ya tara 1/(x² + 3x) da 1/(x² − 9). Na ƙasan biyu sun yi muwafaƙa da x + 3. A fitar da shi daga ɗaya a ninka ragowar da ɗayan, a sami x(x + 3)(x − 3). Aikin ɗaya ne, tufafi ne kawai suka bambanta. Haka x + 3 da x² − 9 tadahuli ne, x + 1 da x + 2 tabayuni ne. A ganinmu tsarin malaman gado ya ma fi na littattafan makaranta kyau ta fuska ɗaya, domin yana tilasta wa ɗalibi ya tsaya ya tambayi dangantaka kafin ya taɓa alƙalami, rashin wannan tsayawa kuwa shi ne ainihin ciwon yaron da ya soke x.

Taƙaitawa ita ma tana nan. A shahararriyar mas'alar nan da ake kira Mimbariyya, mamaci ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uba da uwa. Asalin mas'ala 24 ne, amma in aka tara rabon kowa, 3 da 16 da 4 da 4, sai a sami 27. Sai a ɗaga asalin zuwa 27, abin da ake kira auli, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Rabon mata ya zama 3/27, wanda in aka raba sama da ƙasa da uku ya koma 1/9. Ɗalibin zaure ya san cewa ba goge wani abu aka yi ba. Kason yana nan yadda yake, an dai ƙirga shi da babban mudu.

Ba muna cewa malaman zaure suna koyar da aljabara irin ta makaranta ba ne. Akwai dai waɗanda suka yi nisa a ilmin hisabi, kamar Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, wanda ya yi rubutu a 1732 kan hatimin lambobi da jimillarsu take daidai ta kowace fuska, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti. Claudia Zaslavsky ta gabatar da aikinsa ga masu karatun Turanci a 1973. Haka kuma harafi a gurbin adadi sananne ne, tun da marubuta waƙoƙi sukan rufe waƙa da ramzi mai nuna shekarar da aka yi ta. Sai dai a ramzi ƙimar harafi a kafe take: alif ɗaya ne, ba biyu ne, jim uku ne, har abada. Harafin aljabara kuwa gurbi ne da kowane adadi zai iya zama a ciki. Wannan bambanci ya cancanci darasi guda cur, amma ba kasafai ake ba shi ko minti biyar ba.

Zuwan boko

Lokacin da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ake koyar da lissafi, lissafin kuma na aiki ne. En'e tana bukatar malaman haraji da na baitulmali, da malaman taki masu auna gonaki da sawu don yanka haraji. Bayan da E. R. J. Hussey ya zama shugaban ilmi na Nijeriya duka a 1929, aka tsara makarantu hawa-hawa: Elementare da Hausa, Midil kuwa Turanci ya karɓi ragama. Hukumar Talifi ta Zariya, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, sun wadata ƙananan azuzuwa da littattafan Hausa, amma aljabara darasin sama ne, sama kuwa ta Turanci ce. Tun daga nan rabuwar ta samo asali: yaro ya koyi rabi da rubu'i da harshen da yake tunani da shi, ya tarar da x da harshen da yake kan koyo.

Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, aka dawo da ita Kaduna a 1938, aka mai da ita Zariya a 1949, ta kuma sami sunan Barewa a 1971, ita ce ƙololuwar wannan tsari. Littattafan aljabarar da aka yi amfani da su a sakandaren Afirka ta Yamma na Ingila ne, irin na Hall da Knight wanda aka fara bugawa a 1885, da na C. V. Durell. Dole a yaba musu abu ɗaya: ba sa barin ɗalibi ya shiga manyan kaso sai ya sha horo a warware maninkai da nemo babban maninkin tarayya, da tambayoyi birjik. Tsarin ya fitar da gwanaye, misali Iya Abubakar, ɗalibin Barewa wanda ya yi digirin dakta a Kambirij, ya zama farfesan lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma shugabance ta daga 1975 zuwa 1978. Sai dai zaɓaɓɓu ne 'yan ƙalilan, a makarantun kwana, ga malamai ga lokaci. Hanyar da ta ɗauki mutum talatin ba lalle ne ta ɗauki dubu talatin ba.

Akwai kuma wani malami da ba a biyansa albashi, wanda ya riƙa cike giɓin ba tare da an lura ba, shi ne kuɗin zamanin. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kuwa kobo 12. Sisi rabin sule ne, taro rubu'insa ne, nai rubu'i uku ne, ahu kuwa, watau kobo ɗaya da rabi, tumunin sule ne cif. Kobo 4 sulusi ne, kobo 2 sudusi ne. Yaron da aka aika kasuwa da sule ya sayo abin sisi da abin kobo 4, ya tara rabi da sulusi ke nan, ya kuma san canjinsa kobo 2 ne, tun bai taɓa jin an ce a nemo adadin ƙasa na tarayya ba. Sha biyu tana rabuwa da 2 da 3 da 4 da 6, kusan kamar don masu rabon gado aka ƙera sulen.

Shekaru biyar da suka sauya komai

Ran 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta koma naira da kobo, a daidai lokacin da ake kuma sauya yadi da inci da mita. Babu mai shakkar alfanun wannan ga ciniki da ajiyar lissafi. Amma naira kobo 100 ce, ɗari kuwa ba ta rabuwa uku, ba ta rabuwa shida, ba ta rabuwa takwas. Sulusi da sudusi da tumuni suka fita daga aljihun yaro. A yau ɗan Kaduna ya san rabi, ya san kwata, in ya matsa ya ce rabin kwata, daga nan sai shiru. Makaranta ba ta ƙara wa kaso lokaci don ta rama abin da kasuwa ta daina koyarwa ba.

A cikin wannan hali ne sabon lissafi ya shigo. Bayan Rasha ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta shiga gyaran manhajar lissafinta, guguwar ta iso Afirka ta hanyar tarurrukan rubuta littattafai da aka fara a Entebbe ta ƙasar Uganda a 1962, waɗanda Grace Alele-Williams tana cikin 'yan Nijeriyar da suka yi aiki a cikinsu. Manufar tana da kyau, gama so ake yaro ya san dalilin ƙa'ida, ba ya haddace ta kawai ba, dalilin nan kuwa shi ne maganin kuskuren da muka fara da shi. Amma aka ɗora wa malaman da su kansu ba a koya musu ba. Sai ga shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta a Satumba 1976, inda aka yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, wajen miliyan 3 suka zo. Aka shiga horar da malamai cikin gaggawa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ma a wannan shekara aka kafa ta. Wata huɗu bayan haka, a Janairu 1977, a wani taro a Binin, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke sabon lissafin. Malamin da aka horar rabi da tsohon tsari rabi da sabo, aka ce masa ya koma wanda bai gama koya ba.

Abin da ya rage a hannun irin wannan malami shi ne umurni marar dalili, kuma kalma ɗaya ta ɗauke nauyin babin duka, watau "kansal", wadda in an fassara wa yara akan ce "soke". Muna ganin wannan kalma ta yi ɓarna ƙwarai. Sokewa aikin ido ne: ka ga abu biyu masu kama, ka ja musu layi. Abin da ake yi a haƙiƙa kuwa rabawa ce, a raba sama da ƙasa da abu guda. Yaron da aka ce wa "raba" zai tambayi kansa ko x tana raba x + 6, ya ga ba ta rabawa. Wanda aka ce wa "soke" ba shi da tambayar da zai yi. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya sanya kaso mai harafi a ƙaramar sakandare ya kuma maimaita shi a babba, littattafai irin su New General Mathematics sun kawo bayani daidai, amma bakin malami ya fi littafi ƙarfi. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta bayyana cewa malaman firamare 21,780 daga cikin 33,000 sun faɗi jarrabawar da ta yi musu. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar, ba kuma za mu shiga wannan a nan ba. Abin da za mu ce kawai shi ne malaman nan ɗaliban wasu malamai ne, silsilar kuwa tana komawa ga waɗancan shekaru.

Barnawa

Dukkan wannan tarihi ya sauka a kudancin Kogin Kaduna da nauyi na musamman. Bayan an dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, mahaɗar jirgin ƙasa ce ta fara tara jama'a a wannan gefe, a ƙasar da Gbagyi suke zaune tun da. Sai masaƙu suka biyo baya a Kakuri: Kaduna Textiles a 1957, UNTL a 1964, sa'an nan kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Barnawa ta bunƙasa ta zama mazaunin ma'aikata da ƙananan jami'ai daga kowace kusurwa ta ƙasar. A maƙwabta akwai makarantar 'yan mata ta mishan da aka kafa a Kakuri a 1940, wadda ta koma Kwalejin Sarauniya Amina bayan gwamnati ta karɓi makarantu a 1972. A cikin Barnawa kanta kuma akwai reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna inda ake koyon safiyo da zanen gine-gine da ƙididdigar kayan gini.

A irin wannan wuri kaso mai harafi ba ado ba ne. In wata na'ura tana gama aiki cikin awa x, wata kuma cikin awa y, to a awa guda tare suna cin 1/x + 1/y na aikin, su gama cikin awa xy/(x + y). Mai awa 3 da mai awa 6 za su gama a awa 2. Wanda ya bi gurguwar ƙa'idar 2/(x + y) zai ce awa huɗu da rabi, watau na'ura biyu sun fi ɗaya jinkiri. A da, yaron da lissafi ya kayar yana iya samun aiki a masaƙa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, wannan ƙofa ta ƙuntata. Ƙofar da ta rage, irin ta kwalejin da ke unguwarsu, ba ta buɗuwa sai da kyakkyawan sakamako a lissafi.

Ajin Barnawa kuma aji ne mai harsuna da yawa. Ga Bahaushe, ga Bagwari, ga Bajju da Atyap, ga Ibo da Bayarabe, kuma duk da rabuwar unguwanni da ta biyo bayan rikicin 2000, Barnawa tana cikin wuraren da Musulmi da Kirista suka ci gaba da zama tare. Abin da muke gani a zagayenmu shi ne malami ya rubuta da Turanci, in ya ga idanu sun yi fari ya juya Hausa, domin ita ce kowa yake ji. Amma Hausar da yake juyawa gare ta ba ta da kalmar maninki, ba ta da kalmar gaɓa, sai ya tsinci kansa yana cewa "wannan ya tafi da wannan". Ba laifinsa ba ne. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa ko na yankin, gwajin shekara shida da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna ana iya koyar da lissafi da Yarabanci, Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ma ta yi nata aikin da Hausa a ƙananan azuzuwa. Amma ƙamus ɗin kalmomin kimiyya da lissafi cikin harsuna tara da aka buga a 1987 a firamare ya tsaya. A 2022 aka amince da koyarwa da harshen uwa har shekara shida, a Nuwamba 2025 Ministan Ilmi Tunji Alausa ya ba da sanarwar janye wannan, aka koma Turanci. Ko wace manufa ce a takarda, malamin Barnawa zai ci gaba da juyawa Hausa gobe da safe, tambayar kawai ita ce wace irin Hausa muka ba shi.

Wani zai ce kawo ilmin gado cikin ajin da ba kowa ne Musulmi ba zai jawo magana. Amsarmu ita ce ba fiƙihu muke so a koyar ba. Dangantakar nan huɗu lissafi ce tsantsa, ana kuma iya faɗinta da Hausar kowa: iri ɗaya ne, ko ɗaya yana cikin ɗaya, ko sun yi tarayya a wani abu, ko ba su haɗa komai ba. Ɗalibin kwalejin ilmi da ya saba yin wannan tambaya a kan 6 da 8 zai yi ta a kan x² + 3x da x² − 9. Wannan yana cikin ikon kwalejojinmu, ba ya jiran wata sanarwa daga Abuja. Kalmomin maninki da gaɓa kuwa mun ajiye su gaban masana harshe da ke wannan taro, su karɓa ko su kawo waɗanda suka fi.

Akwai dai wuri guda da zaure da kasuwa ba za su raka mu ba. Adadin ƙasa a rabon gado ba ya taɓa zama sifiri, amma harafi yana iya mai da shi haka. Da muka taƙaita (x² − 9)/(x² + 3x) zuwa (x − 3)/x, mun raba da x + 3, rabawar kuwa ba ta halatta in x ya kasance −3. A wannan gurbi sabon kason yana ba da 2, na asali kuwa yana ba da sifiri bisa sifiri, abin da ba shi da ma'ana. Saboda haka cikakkiyar amsa sai an rubuta sharaɗi a gefenta, cewa x ba 0 ba ne, ba kuma −3 ba ne. Hukumar WAEC takan tambayi ƙimar da kaso yake rasa ma'ana a kanta, yaron da aka koya wa sokewa kuwa ya riga ya goge x + 3 daga takardarsa kafin ya iso tambayar.